FILIN KWAMFUTA: Gyaran hoto, manhajar kyauta ko ta kuɗi?

Tambayar da ta fi yawa a cikin saƙonnin da masu karatu su ka aiko wa wannan fili a 'yan watannin nan ita ce ta gyaran hoto. Wani so ya ke ya koyi haɗa fostar fim, wata ta na so ta gyara hotunan bikin ƙawar ta, wani kuwa duk burin sa bai wuce ya manna hoton sa a gefen na Ali Nuhu ya kai majalisa a yi ta musu ba. Amma dai ƙarshen saƙon kusan iri ɗaya ne: wace manhaja ce ta dace da sabon shiga, kuma shin dole ne sai an biya kuɗi?

Kafin a kai ga amsa, ga labarin da wani saurayi ya aiko daga Kano. Shi da abokan sa su na da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwar su. Sun yi karo-karo sun ɗauki wani gajeren fim, su ka sa ranar da za su haska shi ga 'yan'uwa da abokan arziki, aka kuma ɗora masa aikin fosta saboda shi kaɗai ne mai laftof, ita ma ta hannu ce ya saya. Ya saɓe ta ya nufi wani shago a kasuwar waya.

"Oga, Photoshop na ke so a sa min, sabon fitowa."

"Ba ka da matsala, ƙane na. Kawo dubu biyu."

Aka sa masa. Mai shagon ya kashe masa manhajar tsaron kwamfutar, ya ce wai ita ce ke hana abin shiga, ya kuma ja masa kunne kada ya sake ya buɗe Photoshop ɗin alhali ya na kan intanet. Yaro ya koma gida ya na murna. Mako na farko ya ƙare ne wajen kallon allo, don laftof ɗin RAM ɗin ta 4GB ne, ko hoto ɗaya ya buɗe sai ta sandare ta kama huci kamar tsohuwar akori-kura a hawa. A mako na uku ya manta da jan kunnen ya haɗa ta da datar wayar sa. Kwana biyu kafin ranar haska fim, manhajar ta ƙi buɗewa, sannan shafin Facebook na ƙungiyar, wanda su ka yi shekara biyu su na tara masa mabiya, ya koma hannun wasu da ke tallar abin da bai kamata a faɗa a nan ba. Ya ce har yau akwai wanda ba ya amsa gaisuwar sa a ƙungiyar.

To, me ya sa kowa Photoshop ya ke ambata? Ba banza ba. Sunan ya riga ya zama kamar Omo a wajen garin sabulu, ko wane iri aka sayo da sunan za a kira shi. Kuma abin da zai ba masoya fim sha'awa shi ne manhajar ta na da jinin fim a jikin ta. Wasu 'yan'uwa biyu ne Amurkawa su ka ƙirƙiro ta, Thomas Knoll da John Knoll. A 1987 Thomas ya na karatun digiri na uku a Jami'ar Michigan ya rubuta wani ɗan ƙaramin shiri na nuna hoto a allon kwamfuta. Shi kuwa John a lokacin ya na aiki ne a Industrial Light & Magic, kamfanin dabarun fim na George Lucas mai Star Wars, sai ya hango amfanin abin, ya zuga ɗan'uwan nasa su faɗaɗa shi. Kamfanin Adobe ya fito da shi kasuwa a watan Fabrairu 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano. John ɗin nan bai bar fim ba, don a 2007 ya ci kyautar Oscar saboda dabarun da aka yi a kashi na biyu na Pirates of the Caribbean.

Waɗanda su ka yi zamanin kaset za su tuna yadda ake yi. Fostocin da ake mannawa a shagunan Bata da Ƙofar Wambai, masu kawunan jarumai shida a jere da wuta ta na ci a bayan su, yawanci da Photoshop 7 na 2002 da CorelDRAW aka haɗa su, kuma ba kasafai ake tambayar ta ina faifan manhajar ya fito ba. Wannan zamani ya wuce. Tun daga 2013 Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop na saye sau ɗaya, ya koma tsarin haya, a biya duk wata ko duk shekara. Ran da aka daina biya, ran nan ƙofa ta rufe.

Bari a yi lissafi, don a nan gizo ke saƙa. A 2025 tsarin masu ɗaukar hoto, wanda ya haɗa Photoshop da Lightroom, ya na kamawa kusan dala 20 a wata ga sabon mai shiga. Idan aka ƙaddara dala a kan N1,500, farashin da ta haura a 2024, to N30,000 ke nan duk wata, N360,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 N70,000 ne. Wato hayar manhajar ta kusa cinye rabin albashin ƙaramin ma'aikaci, ballantana ɗan makarantar da kuɗin data ma sai ya lallaɓa Hajiya. Ga kuma neman katin banki da zai yarda ya biya a ƙasar waje.

Akwai wani tarko ma da ba kowa ke lura da shi ba. Adobe ya na ba da gwajin kwana bakwai kyauta, amma sai an shigar da lambar kati, kuma in kwanakin su ka cika ba a soke ba, za a fara cira. Sannan abin da mutane da yawa ke ɗauka biyan wata-wata ne, a gaskiya alƙawarin shekara guda ne da aka rarraba shi wata-wata. Wanda ya wuce kwana 14 na farko sannan ya ce ya fasa, za a caje shi rabin abin da ya rage na shekarar. A lissafin da ke sama, in mutum ya gaji bayan wata uku, saura wata tara, N270,000, rabin sa N135,000, kuɗin sallama kawai. Kan wannan batu ne gwamnatin Amurka ta maka kamfanin a kotu a watan Yuni 2024, bisa zargin ba ya bayyana sharaɗin ƙarara. In har Ba'amurke mai jin Turancin ya faɗa ciki, to ɗan Fagge sai ya karanta ƙananan rubutun nan sau biyu kafin ya danna.

Shi ya sa da yawa ke bin hanyar saurayin can, su sa na sata. A nan kuwa dole a faɗa wa juna gaskiya. Babu abin da ya durƙusar da kasuwar kaset da faifai kamar satar fasaha, kuma babu wanda ya kai masoya fim tsine wa masu gurza finafinan mutane su na sayarwa a bakin titi. To ina bambancin wanda ya gurza fim ɗin furodusa da wanda ya haɗa fostar fim ɗin da manhajar sata? Ko an ajiye maganar hakki a gefe, ita kanta cinikin asara ce. Wanda ya zauna ya fasa makullin manhaja ya watsa ta a duniya ba don Allah ya yi ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau da yawa ya na cusa bairos a ciki mai kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza, shi ya sa sharaɗin farko shi ne a kashe manhajar tsaro. Mutum da hannun sa ya kori maigadi, ya buɗe wa ɓarawo ƙofa, ya kuma ba shi dubu biyu kuɗin mota.

Yanzu sai na kyauta. Mafi yawan masu karanta wannan mujalla waya su ke da ita, ba kwamfuta ba, kuma babu abin kunya a ciki. Ga gyaran hoto zalla, wato haske, launi, yanke gefe, goge ƙurji ko wayar lantarkin da ta ratsa bayan mutum, da wuya a samu wadda ta kai Snapseed. Ta fito a 2011, Google ya saye kamfanin da ya yi ta a 2012, kyauta ce, ba talla, ba ta buga tambarin ta a jikin hoto, kuma ba ta bukatar data in an riga an sauke ta. Inda ta fi burgewa shi ne mutum zai iya taɓa wuri guda a hoto ya haska shi ba tare da ya taɓa sauran ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton baƙin mutum sanye da farar shadda a tsakiyar rana ya san ciwon: in rigar ta fito fuska ta nutse, in fuska ta fito rigar ta ƙone. Da wannan dabara ake sasanta su.

Amma Snapseed ba ta fosta ba ce. Masu son ɗora rubutu su kan koma PixelLab ko Picsart, su ma ba laifi, sai dai a jure wa talla. Canva kuwa, wadda aka kafa a Ostareliya a 2013, ita ce ta fi sauƙi: dubban zane-zane a shirye, mutum ya canza hoto ya canza suna, shi ke nan. Matsalar ta biyu. Ta ɗaya, duk abin da ya fi ɗaukar ido an sa masa alamar kambi, wato na masu biya ne, har da na'urar cire bayan hoto wadda ita ce mai fosta ya fi bukata. Ta biyu, tunda kowa daga rijiya ɗaya ya ke ɗiba, sai a ga fostar fim ɗin soyayya, da katin walimar sauka, da tallar mai sayar da turaren wuta duk fuska ɗaya. Ta na kuma cin data.

Wanda ke da kwamfuta shi ne ya ke da zaɓi na gaske, kuma abin da ya kamata ya fara fahimta shi ne leya. Fosta ba hoto ɗaya ba ce. Kamar a ce an jera gilasai ne wani kan wani: na ƙasa an zana sararin sama, na bisan sa jarumi, na gaba jaruma, na can sama sunan fim. Ana iya zare ɗaya a gyara ko a matsar ba tare da an taɓa sauran ba. Furodusa zai iya bugo waya da tsakar dare ya ce a cire wance an samu saɓani, ko a ƙara girman kan wane don shi ne mai kasuwa, kuma in aikin a leya-leya ya ke, minti biyar ya isa. In kuwa an riga an narkar da komai wuri guda, sai dai a sake daga farko. Wanda ya iya leya, da yanko mutum daga hoto har da silin gashi da bakin mayafi, da daidaita launi, ya iya kashi mafi tsoka na sana'ar, kuma ilimin zai bi shi duk manhajar da ya koma.

Manhajoji uku na kyauta su na koyar da wannan. Akwai Photopea, wadda wani matashi mai suna Ivan Kutskir ya fara a ƙasar Cek a 2013. Ba a ma ɗora ta a kwamfuta, a burauza ake buɗe ta, kuma fasalin ta ya yi kama da na Photoshop ƙwarai, har maɓallan gajerar hanya. Ta na buɗe fayil ɗin PSD ta na kuma adana shi, saboda haka in oga a situdiyo ya miƙo aiki a filash ba za a ji kunya ba. Kuɗin ta shi ne tallar da ke tsaye a gefen allo. Ga wanda ke sa ran wata rana zai zauna a situdiyon wani, nan ya fi dacewa ya fara.

Sai GIMP, dattijuwar cikin su. Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, su ka fara ta a 1995, kuma har yau 'yan sa-kai ne ke kula da ita. Ba rajista, ba talla, ba intanet, ba wanda zai wayi gari ya ce a biya. Tsohuwar laftof ma ta na iya ɗaukar ta. A watan Maris 2025 aka fitar da GIMP 3.0, wadda ta zo da damar sa wa hoto gyara sannan a dawo daga baya a rage ko a cire. Laifin ta ɗaya: ba ta da fara'a. Sabon shiga zai yi kwanaki ya na laluben inda aka ɓoye abubuwa, kuma darussan bidiyon da ake samu na Photoshop sun ninka nata nesa ba kusa ba. Mai gajen haƙuri ba zai kai mako biyu da ita ba.

Ta ukun ita ce labarin da bai kai kunnen mutane da yawa ba. Affinity manhaja ce ta ƙwararru da kamfanin Serif na Ingila ya daɗe ya na sayarwa. Canva ya saye ta a watan Maris 2024, sannan a ƙarshen Oktoba 2025 ya haɗe gyaran hoto, da zane, da tsara shafuka a manhaja ɗaya ya sake ta kyauta ga masu Windows da Mac. Abin da ake bukata shi ne mutum ya yi rajista da Canva. Dabarun ƙirƙirarriyar basira ne kawai aka keɓe wa masu biya. Ba shakka kamfani ba ya kyauta don neman lada, so ya ke a saba da gidan sa, kuma wanda ya ba da abu yau ya na iya canza sharaɗi gobe. Duk da haka, ga mai laftof mai ɗan ƙarfi da ke son yin fostar da za a buga a takarda, a cikin na kyauta babu kamar ta.

Maganar bugawa ta kawo wani abu da ke kunyata sababbin shiga fiye da zaɓen manhaja. Allon waya da na kwamfuta da haske su ke haɗa launi, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin maɗaba'a kuwa da tawada huɗu ya ke aiki, CMYK. Shuɗin leshin da ke walƙiya a allo, in ya sauka a takarda sai ya dawo kamar an wanke shi sau goma. Photoshop da Affinity da CorelDRAW duk su na bari a yi aikin a CMYK tun daga farko, a ga abin da zai fito. GIMP ba ta yin haka, sai dai wajen fitar da fayil, Canva kuma ta ajiye wannan a ɓangaren kuɗi. Sannan girma: takardar A4 mai kyau ta na son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai 2480 da 3508. Hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, in aka buɗa shi a fosta fuskar jaruma sai ta zama kamar tubalin ƙasa. A roƙi mai kyamara ya turo shi a matsayin fayil, ko a je da filash a karɓo. Wanda kuwa aikin sa na YouTube ne, inda finafinai masu dogon zango irin su Izzar So su ka koma tun 2020, duk wannan bai dame shi ba. Hoton fuskar bidiyo 1280 da 720 ne, kuma waya ma ta na yin sa.

Wani abin takaici da babu manhajar da za ta magance wa mutum, komai tsadar ta, shi ne haruffa masu ƙugiya. Yawancin salon rubutun nan masu ƙyalƙyali ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Mai fosta ya rubuta, ya ga akwati ya fito a wurin harafin, sai kawai ya sa k ya wuce. Ta haka baƙi ke komawa baki, ƙafa ta koma kafa, a kuma buga dubu biyar a manne a gari. Tun a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zauna ya ƙera haruffan kwamfuta masu ƙugiya saboda wannan matsala. Yau ga Noto na Google, ga Andika da Charis, duk kyauta, duk da ƙugiyoyin su. In kuwa lallai sai wani salon da ba shi da su, to a mayar da harafin zane a ɗora masa ƙugiyar da hannu, aikin minti uku ne. Wanda ya iya ɓata awa biyu ya na gyara girar jaruma ba shi da uzurin barin sunan fim a gurgunce.

Ita ma gyaran fuskar a yi ta da hankali. An wayi gari wasu masu fosta ba su san wani gyara ba sai bilicin: a murje fata har ta zama kamar ta 'yar tsana, a haska baƙa ta koma fara, a rage hanci, har sai mai kallo ya karanta sunan da ke ƙasa kafin ya gane wace ce. Manhajojin waya irin su Remini, masu cewa su na farfaɗo da tsohon hoto, ba dawo da abin da ya ɓace su ke yi ba, ƙirƙiro shi su ke yi da hasashe. Shi ya sa mutum zai sa hoton kakar sa a fito masa da wata baƙuwa mai kama da ita. Mafi muni su ne masu yanko kan 'yar fim su ɗora a jikin da ba nata ba, ko su haɗa ta da wani a hoto su watsa da sunan raha. Waɗannan mata su na da iyaye da ƙanne, wasu da 'ya'ya a makaranta, kuma hoton ƙarya ya kan riga ƙaryatawa isa gidan surukai. Nijeriya ta na da dokar laifukan intanet tun 2015, kuma "wasa na ke yi" ba ya fid da mutum a gaban alƙali.

To wa ya kamata ya biya? Wanda aikin ya fara biyan sa. Idan mutum ya kai matsayin da furodusoshi ke kawo masa fosta uku ko huɗu a wata, ko ya na ɗaukar hotunan biki ɗari biyar a dare guda da ke son a gyara su da launi ɗaya, ko situdiyon da ya ke hulɗa da su PSD mai sarƙaƙiya su ke musaya, to hayar Adobe ta zama kamar kuɗin man janareta, a cikin kuɗin aiki za a sa ta. Na'urorin ta na cire bayan hoto da goge abin da ba a so su na rage aikin awa guda ya koma minti, kuma ga mai sana'a lokaci kuɗi ne. Sai dai ya tabbata kwamfutar ta na da RAM aƙalla 8GB, in da hali 16GB, in ba haka ba ya sayi sirdi ne babu doki. Wanda kuma hulɗar sa da masu maɗaba'a ce, ya sani yawancin su har yanzu CorelDRAW su ka fi sabawa da ita, kuma ita ana iya sayen ta sau ɗaya. Amma kusan duk za su karɓi PDF in an fitar da shi daidai, saboda haka a tambayi mai injin abin da ya ke so kafin a fara aiki, ba bayan an gama ba.

Shi dai saurayin da ya aiko labarin sa, a ƙarshen saƙon ya ce an goge laftof ɗin gaba ɗaya an sake mata Windows, ya canza duk kalmomin sirrin sa, fostar kuma a daren ƙarshe ya haɗa ta da Photopea a kwamfutar wani bizines santa, aka buga guda 50. Shafin Facebook ɗin bai dawo ba, sun buɗe sabo. Tambayar sa ta biyu, kan manhajar yanka bidiyo da za ta yi aiki a RAM 4GB, ita filin zai ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai rai.